Me ya sa muke zubar da ɗanyen inabi?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke bin rumfa da almakashi muna datse nonnan inabin da kuranga ta riga ta fitar. Ka ce a ganinka kuɗi muke zubarwa, tunda kowane nono in ya nuna zai hau sikeli. Na ji daɗin tambayar, don yaron da zubar da amfani ba ya yi masa ciwo, ban ga yadda zai zama manomi ba. To, zauna ka ji.

Mu fara da ganye. Zaƙin da ke cikin ƙwayar inabi ganye ne ke dafa shi da hasken rana, sannan ya tura wa nono. Reshe ɗaya mai lafiyayyen ganye kamar 15 zai ciyar da nono ɗaya har ya cika ya yi zaƙi. In ka bar masa uku, abincin nan dai shi za su raba: ƙwaya ta fito ƙanana, launi ya ƙi kamawa, wannan ta nuna waccan tana tsami. Kuma inabi ba ya ƙarasa nuna bayan an yanke shi. Mangwaro da ayaba ana rufe su ɗanye su nuna a ɗaki, shi kuwa ranar da almakashi ya raba shi da uwarsa, ranar zaƙinsa ya tsaya. Shi ya sa kake ganina da ɗan madubin awon sukarin nan ina ɗiga ruwan ƙwaya ina dubawa. In awon bai kai 16 zuwa 18 ba, ba na bari a yanka, ko da dillali zai kwana a bakin gona. Mai saye a Kano ko Abuja yana ajiye namu kusa da na kwali da ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar. In ya ɗanɗana ya yamutsa fuska, ba zai ce gonar wane ba ce, cewa zai yi inabin Hunkuyi tsami gare shi, ka ga an shafa wa duk manoman ƙaramar hukumar Kudan kashin kaji.

Wannan asarar bana ke nan. Ta baɗi ita ce babba, ita kuma ido ba ya ganinta.

Nonon da kake kallo yau ba bana aka ƙulla shi ba. Ka tuna askin da muka yi da bazara, bayan girbi, da muka mayar da kuranga kusan gundumi? Sababbin rassan da suka fito bayan nan, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu, a cikin idanunsu ne ɗan nonon yake ƙulluwa, ƙanƙani ƙwarai, ya kwanta yana jira. Sai ruwa ya ɗauke wajen Oktoba mu yi aski na biyu, idon ya buɗe, nono ya leƙo, bayan kamar wata huɗu a yi girbi cikin hunturu. To ka lura da kyau: ranar da muka gama aski, ganye ko ɗaya babu a jikinta. Da me za ta yi toho? Da abincin da ta ɓoye a gindi da saiwa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kurangar da ka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta, ganye ba ya isarta, sai ta koma ta cinye ajiyar nan don ta nunar da 'ya'yan. Ka kwashi kuɗi ka yi murna, bazara ta zo ta fitar maka da rassa sirara marasa ƙwari, Oktoba ta zo ka yi ta duba idanu, ganye kawai. Wasu sai su ce taki ne ya yi kaɗan, ko sammu aka yi wa gonar, alhali amfanin baɗi ne suka sayar tun bana.

Mu nan ma abin ya fi tsanani a kanmu. A Turai sanyi ne ke kakkaɓe ganyen kuranga ta yi barcin watanni ta huta. A garin Maribor na ƙasar Sulobeniya akwai wata da ta haura shekara 400 tana ba da 'ya'ya. Tamu ba ta samun wannan hutun, don sanyinmu bai kai ya kwantar da ita ba. Aski biyun nan da muke yi, irin na manoman Nashik ne a Indiya, kuma aiki muke sa ta rani da damina. Itacen da ba ya hutawa, in mai shi bai rage masa kaya ba, wa zai rage masa?

Mutanen Faransa su na giya suke nomawa, mu ba ruwanmu da wannan, namu na ci ne, amma itacen ɗaya ne. Su ma suna yanke ɗanyun nonna su zubar. Tun 1935 suka kafa tsarin da hukuma ke ƙayyade iyakar abin da hekta ɗaya za ta bayar, matuƙar manomi yana son sunan yankinsu a jikin kayansa. Mutanen da suka gaji gonakin nan kaka da kakanni, ba wauta ta sa su ɗaure hannun kansu ba.

Na san abin da ke sa mutum ya kasa datsewa, kuma ba na zagin kowa. Ka kafa turaku, ka ja waya, ka haƙa rijiyar burtsatse, ka yi ban ruwa kusan shekara biyu ba ka ga girbin kirki ba, ga bashi, ga kuɗin makarantar yara. Sai rumfa ta cika da nonna a ce ka zubar da wasu! Sai an danne zuciya. Amma gero in ya ƙi bana, baɗi sabon iri za ka zuba. Kuranga ita ce dai wadda ka bari jiya za ka tarar gobe. Wanda ya karɓi hayar gona na kaka ɗaya zai iya tatse ta ya kaɗe rigarsa. Ni ƙannenka nake so su ci wannan rumfar bayan raina, har da kai in Allah ya sa ka kafa taka da yankan rassan da za ka ɗiba a nan.

Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kowane reshe nono ɗaya za ka bari, wanda ya fi tsari, yake rataye shi kaɗai iska na ratsa shi. Siririn reshe kada ka bar masa komai. Nonon da ya cushe ka rage masa ƙwaya da bakin almakashi, ka datse jelarsa, don matsatsi ne ke jawo ruɓa. A karan za ka riƙe shi, kada ka shafa ƙwayar, farar ƙurar nan ta jikinta dillalai na dubawa. Layi biyu na farko tare za mu yi, na uku kai kaɗai, in zo in duba.