Amsa ga mai tambayar gato ɗin ƴaƴan itace ba alkama ba madara

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kin ce likita ya hana ƴarki duk abin da aka yi da alkama da kuma madara, kin gwada yi mata gato, wato kek, da garin shinkafa da firez, jan ɗan itacen nan da ake kira strawberry da Ingilishi, sai sama ya yi tauri, ƙasa kuma ya zama ruwa tsululu. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da wannan ƙoƙari.

Shawarata ki ajiye zancen gato mai tashi tukuna. Abin da ke riƙe iska a cikin kwaɓin alkama har ya kumbura shi ne gulutan, sinadarin da aka hana ta, kuma garin shinkafa ba shi da shi. Ki koma ga abin da Turawa ke kira kirambul: ƴaƴan itace a ƙasa, marmasasshen gari a sama. Wannan ba ya buƙatar tashi, ba ƙwai, ba yis, don haka rashin alkama ba ya rage masa komai.

Na ƙasa, don mutum shida: ƴaƴan itace giram 600, sukari giram 60, garin Maizena (sitacin masara) babban cokali biyu, ruwan rabin lemun tsami, da ɗan gishiri. Firez sabo a nan Yamai na lokacin sanyi ne, daga Janairu zuwa wajen Maris, kuma da yawa daga Wagadugu ake kawo shi. Su faramboz da mirtil (raspberry da blueberry da Ingilishi) ƙananan ƴaƴan itace ne na lokacin zafi a Turai, suna nuna tsakanin Yuni da Agusta, mu a daskare muke samunsu cikin leda a manyan kantuna. In kin ɗauki leda kin ji ƴaƴan sun dunƙule wuri guda da ƙanƙara, ki mayar, sun narke ne aka sake daskarar da su. In tsada ta yi yawa, ki yi rabi firez rabi mangwaro wanda bai yi laushi sosai ba, ki jiƙa busasshen zoɓo kamar cikin tafi ɗaya, ki yayyanka ki zuba. Shi zai ba ki jan launi da ɗan tsamin da mangwaro ba shi da shi.

Ruwan nan da ya ɓata miki, ga dalilinsa. Firez kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, kuma da sukari ya taɓa shi sai ya fara zubar da shi. Saboda haka kada ki haɗa su ki ajiye. Ki gauraya sukari da Maizena a bushe, ki barbaɗa a kan ƴaƴan sai lokacin da za su shiga wuta. Kuma Maizena ba ta kauri sai ta tafasa. Idan kin sauke don kawai sama ya yi ja, alhali tsakiya ba ta ɓararraka ba, za ki samu ruwa fari-fari mai ɗanɗanon ɗanyen gari. Ƴaƴan itacen da kika saya a daskare kada ki narkar da su, ki zuba haka nan, ki ƙara rabin cokali na Maizena da minti goma na gashi.

Na sama: garin shinkafa giram 100, garin hatsi giram 60, niƙaƙƙiyar soyayyar gujiya giram 60, sukari giram 80, man kwakwa giram 80, rabin ƙaramin cokali na gishiri, da ɗan kirfa ko citta. In gujiya ba ta karɓe ta ba, garin aya ya maye gurbinta, har ya fi zaƙi, sai ki rage sukari kaɗan. Garin shinkafa shi kaɗai ne ya ba ki taurin nan da tsakin da ake ji a haƙori. Ki jiƙa shinkafar awa uku, ki tsane, ki shanya ta sha iska, a daka, ki tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi. Hatsin kuma a surfa shi, a yi garin a ranar ko jiya, don garin hatsi in ya kwana biyu yana ɗaci.

A wajen mai ne aka fi faɗuwa. Man kwakwa yana narkewa da zarar zafi ya wuce digiri 24, ke kuwa kin san Yamai a watan Afrilu. In kin zuba shi yana ruwa, garin zai zama kwaɓi, ya gasu kamar faranti. Ki auna shi, ki sa a firigo har ya daskare, ki yayyanka ƙanana, ki murtsuke da kan yatsu cikin garin da sauri har ya yi kamar dambu kafin a turara, da ƴan gudaji kamar ƙwayar wake. Ki yayyafa ruwan sanyi babban cokali ɗaya, domin man shanu da aka saba sawa yana da nasa ruwa, man kwakwa kuwa zallar mai ne. Sai ki mayar firigo minti 20. Lokacin shimfiɗawa ki barbaɗa kawai, kada ki danna.

Gashi: digiri 180, minti 35 zuwa 40, cikin kwanon gilas mai jure wuta ko tasa mai fenti. Ki guji na sanholo, tsamin zoɓo da lemu yana cinsa ya sauya ɗanɗano. In sama ya yi ja da wuri, ki rufe da takardar gashi ki bar ƙasa ya tafasa. In babu fur, wato tandar gashi, ki zuba yashi mai kaurin yatsa biyu cikin babbar tukunya, ki bari ya yi zafi, ki ɗora kwanon, ki rufe, garwashin kan murfi ya fi na ƙasa yawa. Bayan saukewa ki ba shi rabin awa, a nan ruwan ke kamawa.

Abin da ya fi damuna shi ne alkamar da ba a gani. In cutar seliyak ce likita ya faɗa, wato wadda gulutan ke lalata hanji, ɗan burbushi ma yana cutar da hanji. Injin niƙan unguwa yana niƙa alkama da safe, ya niƙa hatsinki da rana. Ki daka a gida, ko ki ware mata blanda, rariya da cokalin katako nata. Ki riƙa karanta jikin kwali: kalmomin Faransanci blé, orge, seigle duk na hatsi ne masu gulutan, lait, beurre, lactosérum kuma duk na madara ne. Margarin da yawa akwai madara a ciki, shi ya sa ban sa ta ba. Avoine ma, wato hatsin oats da za ki ga ana zubawa a irin wannan girki, kada ki saya sai an rubuta sans gluten, wato babu gulutan.

Ki ba ta da ɗumi-ɗumi, ki zuba madarar kwakwa mai sanyi ko kunun aya mai kauri a kai. Ragowar yana kwana biyu a firigo. Minti goma a wuta zai dawo masa da ƙaras-ƙaras ɗinsa.