Zan iya kai jinjiri kallon wasan jiragen sama?

Tambaya: Likita, muna zaune a Birmingham. Maigidana yana so mu je bikin jiragen sama na Fairford a watan Yuli da yaranmu biyu, ɗan shekara 6 da jinjira 'yar wata 8. Ni tsorona kada jirgi ya faɗo kan mutane. In yarda?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana da tushe. A 1988, a sansanin Ramstein na Jamus, jiragen wasa na sojan saman Italiya sun yi karo, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 suka rasu. Tun daga nan aka ƙara tazara tsakanin layin da jirage ke bi da inda jama'a ke tsayawa, aka kuma hana matuƙa nufo taro yayin da suke juyi. Hatsarin wasan jiragen sama na Shoreham na 2015 a Ingila ya kashe mutum 11, amma a kan babbar hanyar A27 ne, ba a cikin filin ba. Don haka ku sayi tikiti ku shiga ciki, kada ku bi masu tsayawa bakin shinge su yi kallon banza.

Abin da ya fi damuna kunnen yaran ne. Ƙara mai ƙarfin desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana iya lahanta ji in an shafe awa 8 a cikinta, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. A desibel 100, minti 15 kacal ke nan. Jirgin yaƙi irin Typhoon, in ya buɗe wuta zai tashi, yakan wuce haka. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuwa in sun mutu ba sa sake tofowa, kuma yaro ba zai ce miki komai ba sai dai ya toshe kunne ko ya fashe da kuka.

Ɗan shekara 6 ku tafi da shi, zai ji daɗi ƙwarai, musamman in 'yan Red Arrows, masu wasan jirage na sojan saman Birtaniya, suka fesa hayaƙinsu ja da fari da shuɗi. A saya masa abin rufe kunne na yara, mai kama da na sauraren waƙa, ya saba da shi a gida tukuna. Auduga ba ta tsinana komai, kada ki wahalar da kanki.

Jinjirar kuwa, a ganina, a bar ta wajen 'yar'uwa ko maƙwabciya. In babu hali, a sa mata nata marufin, ban da wanda ake cusawa cikin kunne domin za ta iya cirewa ta haɗiye, ku kuma zauna can baya nesa da titin jirgi.

Filin ba inuwa, tafiya kuma da nisa tsakanin jiragen da aka jera. Ku riƙe ruwa, hula, abincinku da darduma, ki rubuta lambar wayarki a hannun yaron. In kun dawo ya ce kunnensa yana ƙugi har washegari, a kai shi a auna jinsa.