Tambaya da Amsa: Na taɓa setin BIOS, yanzu laftof ɗina ta ƙi tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, ya aiki ya iyali. Ni ina wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jahun, ina da ɗan shago na cajin waya da tura karatu da fina-finai a memori. Laftof ɗina HP ce 'yar gwanjo, Windows 10 ce a kanta, to sai abokina ya ce in ina son Windows 11 sai na shiga BIOS, wato setin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, na kashe Legacy na kunna wani abu wai shi Secure Boot, na yi hakan na yi sebin, wallahi tun daga nan ta ƙi tashi, sai baƙin sikirin da rubutu wai Boot Device Not Found. Wani yaro mai gyaran waya a kasuwarmu ya ce hadis ɗin, wato abin da yake ajiye kayan cikinta, shi ne ya ƙone, sai dai a yi fomat ko a sa sabo. Malam duk jarina yana ciki, har da hotunan bikin mutane da ban ba su ba tukunna. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin komai, kar ka bari kowa ya yi mata fomat. Hadis ɗin da yake aiki lafiya da safe ba zai ƙone da rana don an taɓa seti ba, kuma ai in da gaske ya ƙone to fomat ɗin ma ba zai yiwu ba, ka ga maganar yaron tana cin karo da kanta.

Abin da ya faru shi ne, hanya biyu ce kwamfuta take bi ta nemo Windows in an kunna ta, akwai tsohuwa wato Legacy, akwai sabuwa UEFI. Windows ɗin da aka sa ta tsohuwar hanya tana zaune ne a kan hadis da aka raba shi da tsohon tsari mai suna MBR, ita kuwa UEFI sabon tsari mai suna GPT take nema, kuma Secure Boot, wato tsaron da yake tantance abin da zai tayar da kwamfutar, baya aiki sai da UEFI. Wasu masu sa Windows a kasuwa, musamman a kan tsofaffin 'yan gwanjo, ta Legacy suke sawa. Kai kuma ka rufe wannan hanyar. Kamar ka ba ɗan acaɓa kwatancen da ba daidai ba ne, gidan yana nan inda yake da mutanen ciki.

To ga gyaran. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka cire duk wani fulash ko memori da yake jikinta, ka jona caji mai ƙarfi, in sola kake amfani da ita ka bari sai rana ta take, don ba a son wuta ta ɗauke ana tsakiyar sebin. Ka kunna ka dinga danna F10 da sauri da sauri, ko ka danna Esc tukunna sannan F10. In ka shiga ka nemi System Configuration, sai Boot Options, a wasu kuma irin su EliteBook yana ƙarƙashin Advanced ne. Ka mayar da Secure Boot zuwa Disabled, Legacy Support zuwa Enabled, ka yi sebin ka fita. Wataƙila ta nuno maka lambobi 4 ta ce ka rubuta ka danna Enter, ka rubuta ɗin, nan ne mutane da yawa suke tsorata su kashe, canjin kuma ya ƙi zama. Masu Dell da Acer da Asus F2 ne nasu, ThinkPad kuma F1.

Wasu za su ce maka ka danna Load Defaults kawai komai ya koma daidai. Ni ban cika ba da wannan shawarar ga 'yar gwanjo ba, saboda setin kamfani yake dawowa da shi ba setin wanda ya sa maka Windows ba, in kuma na kamfanin UEFI ne to kana nan inda kake. Har ma ya kan ƙara wata matsalar, a Dell da yawa ya kan juya setin hadis mai suna SATA daga AHCI zuwa RAID, sai ka ga shuɗin sikirin yana cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Abin da hannunka ya taɓa shi kaɗai za ka mayar, ɗaya bayan ɗaya, kuma daga yau in za ka shiga wajen nan ka fara ɗaukar hoton kowane shafi da wayarka.

In kuma ko BIOS ɗin ta daina nunawa, fitila na ci fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, ka cire caja da batir in mai cirewa ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar sakan 30, ka mayar ka gwada. In ta ƙi, akwai ɗan ƙaramin batir na CMOS a ciki mai kama da kwandala, shi yake riƙe setin, cire shi na 'yan mintuna yana goge setin, amma wannan kam ka kai wa mai gyaran kwamfuta a Dutse ko Kano, ka tsaya a kansa kuma ka gaya masa baka yarda a taɓa hadis ba. Ko da ma allon ciki ne ya lalace, ana iya zare hadis ɗin a jona shi da wata kwamfutar a kwashe maka hotunan mutane.

Maganar Windows 11 kuwa, abokinka rabin magana ya gaya maka. Gaskiya ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, amma 11 ɗin tana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, kuma in ƙwaƙwalwar kwamfutar (processor) ta Intel ce sai ƙarni na 8 zuwa sama, to ka fara duba taka in ta tashi, in Core i5 ce ta ƙarni na 4 ko na 6 ka haƙura kawai. In ta cancanta, akwai mbr2gpt a cikin Windows 10 da yake juya hadis zuwa GPT ba tare da goge kaya ba, sai an yi shi sannan a koma UEFI, shi ma sai ka kwafe kayanka a wani wajen tukunna.