Hannun giyar tsohuwar mota ya saki: a gyara ko a sayi wani?

Tambaya: Ina da Marsandi 230E ta 1991, wadda muke kira Bi-but, gadon mahaifina ce. Hannun giyarta ya yi lakwab-lakwab, sai na laluba kafin ta shiga D, wato giyar tafiya, wani lokaci kuma ba ta tashi a P, wato fakin, sai na jijjiga hannun. Bakanike ya ce giyabos ne ya gaji, wani kuma ya ce in je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in sayo hannun gaba ɗaya. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Abin da ka kwatanta bai yi kama da ciwon giyabos ba. Giyabos da ya gaji yakan nuna kansa a kan hanya: injin ya yi ta ihu mota ba ta ja, ko ta riƙa fizga wajen canji, ko man giya ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna. Kai kuwa hannu ne ya daina isar da saƙo.

A wannan ƙirar, W124, hannun da kake riƙewa yana haɗe da giyabos ta wani siririn ƙarfe da ya bi ta ƙarƙashin mota. Kowane bakin ƙarfen yana zaune cikin wata 'yar roba mai tauri, wadda makanikai ke ce wa bush, ba ta fi kan babban yatsa ba. Shekara talatin da ɗoriya tana shan zafin salansa da ɗigon mai da ƙura, dole ta bushe ta farfashe. Da ta faɗi sai ƙarfen ya riƙa yawo cikin rami. Kai ka kai hannu P, amma a can ƙasa giyar ba ta ƙarasa ba. Shi ya sa mota ke ƙin tashi, domin akwai makunni a gefen giyabos da ke hana sitata aiki in ba a P ko N, wato firi, ake ba. Shi ne kuma mai kunna fitilar ribas.

Ka hau da motar kan rami, a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Wani ya zauna ciki yana motsa hannun, kai da bakanike kuna ƙasa da tocila. Da idonka za ka ga ƙarfen yana rawa kafin ya ja komai. Na sha ganin mazaunin bush ɗin wayam, ko ɓurɓushin robar babu.

Bush biyu za ka saya, sababbi, kuma ka nemi na kirki ko da sun ɗan fi tsada. A jiƙa su a ruwan zafi su yi laushi, a shafa ɗan giris, a matsa su da filaya ko da noti da kusa. Sannan a sa giya a N daga ƙasa, a daidaita tsawon ƙarfen har hannun ya zauna a N daga sama. Wannan daidaitawar ce masu gaggawa ke tsallakewa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ɗauri da waya ko robar tayar babur. Motar da kake zaton tana P alhali ba ta shiga ba, gangarawa za ta yi, kuma ƙofar gidajenmu ba ta rabuwa da yara.

In bayan haka hannun yana rawa gefe da gefe, to a buɗe shi daga cikin mota, akwai wasu robobin a inda yake juyawa. Sayen na Kwatano gaba ɗaya sai in gidan hannun ya tsage ko an taɓa yi masa walda. Ka tuna robar da ke cikin na Kwatanon sa'ar taka ce. In dole ta kama, ka tafi da naka a hannu, ka gwada ramukan kusoshi da bakin wayoyi, kuma ku yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya.

Tambaya: Camry ɗina ta 2004 takan maƙale a P ko na taka birki. Rewaya ya ce zai cire abin da ke kulle ta in huta. In bari? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Hajiya, kada ki bari. Makullin nan an sa shi ne don kada yaro ya ja hannun giya mota ta tafi da shi, har Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci tun 2010. Ki taka birki, wani ya duba miki baya. In fitilun birki ba su kama ba, matsalar fiyus ce ko makunnin da ke saman fedar birki, don daga shi makullin ke samun wuta, kuma wannan ƙaramin gyara ne. In sun kama, ki saurara kusa da hannun, ya kamata ki ji ƙas idan kin taka. In shiru, a duba makullin da wayarsa. Sau da yawa lemo ko shayi ne ya zube ciki, ƙurar hunturu ta hau kai ya daskare. Kusa da hannun akwai wurin sakin makullin na gaggawa: ki taka birki, ki danna, ki ja zuwa N. Wannan na fita kunya ne a hanya, ba na kullum ba.

Tambaya: Da me ake wanke cikin hannun, wane mai ake sa masa? Daga Maraɗi.

Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu sun wadatar a sassan roba, a nisanci wayoyi, a bari ya bushe sarai. Ban da fetur, yana busar da roba. Ban da baƙin mai, ƙura yake tarawa. Farin giris kaɗan a inda sassa ke gogar juna. Kuma in ka tsaya a gangare, ja birkin hannu kafin ka sa P, don kada nauyin mota ya hau ɗan ƙarfen da ke riƙe giya, har sai ka finciko hannun da ƙarfi wajen tashi.