Na gudu daga gidan miji saboda duka, wai sai na maido masa sadaki

TAMBAYA: Salamu alaikum, Allah gafarta malam. Ni 'yar Gwoza ce, mun gudo Kamaru a 2014 da Boko Haram suka shiga garinmu, daga baya nayi aure a Marwa. Tunda na shiga gidan nan duka ne, har yatsa ya taɓa karya min da muciya, in nace zan kai ƙara sai yace ai bani da takardar zama a ƙasar, jandarma ni zasu fara kamawa. Yanzu na fita da yarana biyu, wata baiwar Allah ta bani ɗaki a unguwar Domayo ina soya ƙosai da safe. Yace na yi yaji ba izini, babu saki sai na biya shi sadakinsa. Malam ina da zunubi?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yata, in dai haka abin yake, fitarki ba nushuzu bace, nushuzu fita ce babu dalili, ke kuwa ranki kika tsirar. Allah ya ce a Baƙara aya ta 231 kada a riƙe mata don a cutar dasu, kuma Nana Aisha ta shaida Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ba, hadisin yana cikin Muslim. Ni abin da ke ƙona min rai shine masu ce wa mace "kiyi haƙuri" alhali yatsanta na ɗaure.

Zancen sadaki kuwa, wayo yake miki. A mazhabar Malikiyya da muke bi, Shehu Khalil ya faɗa ƙarara a Mukhtasar, mace na da damar alƙali ya raba auren saboda cutarwa bayyananna ko da shaidu basu ce an maimaita ba, sisi ba zata biya ba, kai ko ta riga ta biya kul'i don ta kuɓuta, in aka tabbatar da cutar ko da ta hanyar abin da maƙwabta suka daɗe suna ji ne, sai ya maido mata kuɗinta.

Amma ki sani har yanzu igiyarsa na kanki. Kar ki zauna haka, ki nemi takardar likita kan yatsan, ki samu maƙwabta biyu da limamin unguwa ko jauro, wato mai unguwa, su raka ki wajen alƙalin fadar lamido, kar kije ke kaɗai. Maganar takarda kuma akwai ofishin HCR, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Marwa, ki je ki faɗa musu halin da kike ciki.

In an raba, yaran wajenki zasu zauna muddin baki auri bare ba, ci da suturarsu kuma a wuyansa yake. Ƙosanki ma kar ki kashe wuta ko kina idda, 'yar'uwar mahaifiyar Sahabi Jabir tana cikin iddar saki Annabi ya bata izini ta fita ta yanki dabinonta. Ki fita da rana, ki kwana a ɗakinki. Wallahu a'alam.