Amsa ga mai tambayar bel ɗin tsere: dakata da sayen mai ƙafa huɗun nan

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, ka ce sau biyu ka shiga tirak, wato filin tseren mota, da Golf ɗinka wadda ita ce dai motar zuwa aikinka, duk kwanar da ka sha sai jikinka ya riƙa zamewa a kujera har kana tokare gwiwa da ƙofa, shi ne ka ga wani bel ɗin tsere mai ƙafa huɗu (biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu) da araha a intanet kake neman shawara ko ka saya. Kar ka saya tukuna. Ni ma da shi na fara kuma sai da na yi asarar kuɗi kafin na gane.

Farkon zuwana tirak nan Ingila da wata tsohuwar Clio ce. Na sayo irin wannan bel ɗin, ja wur da shi, na kwance ƙusoshin bel ɗin kujerar baya na can ƙasa na ɗaura na kafaɗa a wurin, ina ta jin kaina wai ni direban rali. Da safe kafin a buɗe tirak wani dattijo cikin masu koyar da tuƙi ya leƙo motar ya ce in shiga in ɗaure ya gani. Na shiga na ɗaure, ya ce in ja na kafaɗa sosai. Ina ja sai ga makullin da ya kamata ya zauna can ƙasa kan ƙugu ya hauro har saman cibiya. Mutumin ya sa yatsa ya danna cikina, ya tambaye ni ko akwai ƙashi a nan. Wallahi kunya ta kama ni, a wurin na ari sifana na kwance shi na koma bel ɗin kamfani.

Abin da yake nuna min shi ne, bel na ƙugu aikinsa ya kama ƙashin ƙugu, shi ne ke iya ɗaukar nauyin karo. Mai ƙafa huɗu babu abin da ke riƙe shi ta ƙasa, na kafaɗa suna jan shi sama, in aka yi karo ta gaba sai mutum ya zurma ta ƙarƙashinsa bel ɗin ya nutse cikin ciki, hanji da hanta da saifa su sha wuya. Shi ya sa ake ƙara na tsakanin cinya, ɗaya a mai ƙafa biyar, biyu a mai shida. Ni shida nake ba kowa shawara, tana bi ta gefen cinyoyi maimakon ta tsakiya, ai ka gane abin da nake nufi. Mai huɗun da kawai zan yarda da shi shi ne na Schroth na Jamus mai tsarin ASM, sun yi wani ninki a kafaɗa ɗaya da ke warwarewa lokacin karo don jiki ya ɗan juya kamar a bel ɗin gida, kuma shi ma sai in an yi shi don irin motarka.

Kuskurena na biyu kuma shi ya fi muni, inda na ɗaura na kafaɗa. In suka gangara daga kafaɗarka zuwa ƙasan mota, ranar karo danna ka ƙasa za su yi, ƙashin baya ya matse. A da dokar FIA, hukumar tseren mota ta duniya, cewa ta yi kar gangarar ta wuce digiri 45 ko ta halin ƙaƙa, wanda ake so kuwa kusan miƙe, tsakanin 0 da 20 ƙasa da kafaɗa. Ba ka samun haka sai da ƙarfen da aka gitta daf da bayan kujera. Kujerar ma sai irin ta bokiti mai ramuka a kafaɗa da ƙasa, don a kujerar Golf ɗinka na kafaɗa za su zame gefe, na cinya kuma babu ta inda za su bi, in ka zagayo da su ta gaban kujera sun zama ado kawai.

Sai maganar wuya, wadda samari ba sa son ji saboda kuɗi. Bel ɗin kamfani yana barin jiki ya ɗan tafi gaba ya tarar da jakar iska. Na tsere kuwa ya kafe ka a kujera, abin da ya rage yana lilo kai ne, ga nauyin hular kwano a kansa. Haka direban tseren Amurka Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na gasar Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairu 2001, ƙashin gindin ƙwaƙwalwa ne ya karye, kuma in ka kalli karon ba za ka ce ya kai na kisa ba. A cikin shekarar NASCAR, masu shirya gasar, ta tilasta abin riƙe kai da wuya, gasar Formula 1 ta tilasta irinsa da ake kira HANS a 2003. To in za ka sa mai shida, ka sa kuɗin HANS a lissafi, da hula mai maɗaurinsa. Ka kuma zaɓi na kafaɗa mai faɗin inci 2, ya fi zama daram a kan HANS fiye da mai inci 3. Na ƙugu ma ni inci 2 na fi so, ya fi shiga lungun ƙashin kuma ya fi jawuwa.

Kar ka manta da kifewa. Bel ya riƙe ka zaune cir, rufi ya lotso, ina za ka kauce? Dole ƙarfen kariya a bayanka, ko kejin ƙarfe da ya zagaye cikin motar gaba ɗaya. Shi kuma keji a motar da ake kai yara makaranta wata fitinar ce, kai babu hula kusa da ƙarfe. Ka ga gyaran gangar Auzinawa ke nan.

In ka ce ka ji ka gani za ka mai da motar ta tirak zalla, to madalla. Nemi mai tambarin FIA 8853-2016, akwai shi a Sabelt, OMP, Sparco, Schroth, Willans, TRS, duk ba laifi. A jikin tambarin akwai shekarar da zai daina aiki, shekara 5 ake ba shi. Na Amurka mai tambarin SFI 16.1 shekara 2 ne kacal. Jabu sun cika intanet, har sunan manyan kamfanoni suke ɗinkawa, don haka duba hologiram ɗin FIA, wato sitikarsu mai ƙyalli, sannan ka nemi lambar bel ɗin a jerinsu mai lamba 57, kyauta ne a shafinsu. Na hannu kuwa ban saye ko a nawa ne, ban san ko an taɓa karo da shi ba, kuma bel in ya sha karo sau ɗaya ya gama aiki ko da ido bai ga komai ba. Rana da fetur ma suna cin zaren.

Makulli ka ɗauki mai murɗawa, kamlok, juyi ɗaya duk su zube. Wurin ɗaurawa a ƙasan mota in za a huda sabon rami sai an sa faranti ta ƙasa, kauri milimita 3, faɗi aƙalla santimita murabba'i 40, ba washa biyu da noti ba kamar yadda wani makaniki zai ce maka ya isa. In an naɗe bel a jikin ƙarfe a tabbatar an yi ninkin ƙarshe ya koma ta cikin zoben da ke riƙe bel ɗin, a bar jela kamar santimita 10, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Wajen ɗaurewa na ƙugu ake fara ja tamau, sannan kafaɗa. Kuma rufe ƙofa kafin ka ja, na sha zama ina miƙa hannu kamar mai bara ina jiran wani ya turo min ita. Masu shirya tirak da yawa kuma za su ce abin da ka sa wa kanka sai ka sa wa kujerar fasinja, in ba haka ba malamin tuƙi ba zai shiga ba, ka ga kuɗi ya ninka.

Amma matsalarka ta yanzu ai zamewa ce, kuma tana da magani ko sisi ba sai ka kashe ba. Tura kujera baya, sa bel ɗin kamfani, ja na ƙugu ya matse sosai, fizgi na kafaɗa ya kulle, kana riƙe da shi a kullen sai ka dawo da kujerar gaba har ka ji ya ɗame ka. Ƙafar hagu kuma ka kafa ta a matakinta na gefen kuloc in za ka shiga kwana. Da haka na yi shekara guda cur har da gangaren Paddock Hill na tirak ɗin Brands Hatch, gwiwata ba ta sake taɓa ƙofa ba.

Gwada wannan a fitarka ta gaba. In har yanzu kana kan bakanka, turo min hoton kujerar da na bayanta, ka kuma faɗa min ko kana ɗaukar mutane a baya.