Amsa: Gano waƙar da ka ji a rediyo

Malam, ka ce ka ji wata waƙa a rediyon mota, mai gabatarwa bai faɗi sunan mawaƙin ba. Ga abin da zai fisshe ka.

Idan waƙar tana cikin tashi, buɗe Shazam, manhajar gano waƙa, ka kai wayar kusa da lasifika, 'yan daƙiƙoƙi sun isa. Manhajar ba kalmomi take saurare ba, tambarin sautin take ɗauka ta gwada da waƙoƙin da ke rumbunta. Shi ya sa surutun fasinjoji ko muryar mai gabatarwa a kan kiɗan ke iya rikita ta. Ko babu data ka danna, za ta ajiye, in ka hau intanet ta kawo maka sakamako.

In waƙar ta wuce amma karin ya maƙale maka a kai, shiga manhajar Google, taɓa alamar makirufo, zaɓi neman waƙa, ka rera karin na daƙiƙa 10 zuwa 15. Tun 2020 aka kawo wannan.

Sai dai waƙoƙinmu na da, na kalangu da kukuma da aka ɗauka a kaset, da yawa ba su shiga waɗannan rumbunan ba, abin yana damuna matuƙa. A nan rubuta baiti ɗaya da ka riƙe a YouTube, ka gwada da ƙugiyar haruffa (ɓ, ɗ, ƙ) da kuma babu, don masu ɗorawa ba su cika sa ta ba. In ya ƙi, riƙe lokacin da aka sa waƙar, ka tura wa tashar saƙo a shafinta na Facebook.